Fuska ta yi duhu, furanni sun ƙone: ta ina ake fara gyara?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto. Ina so a taya ni duba wani hoto da idon sana'a. Wata baiwar Allah ce tsaye a ƙarƙashin bishiyar da ta yi sabon toho, cike da fararen furanni, misalin ƙarfe ɗaya na rana. Lens 85mm, buɗewar lens f/1.8 (ƙaramar lamba, babbar buɗewa), ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara), saurin shata 1/4000 na daƙiƙa (tsawon lokacin da haske ke shiga), kuma kyamara ce ta zaɓi saurin da kanta. Furannin da ke bayanta sun fito fari fat, ba a bambance wannan da wancan. Fuskar ta yi duhu, ga ɗigo-ɗigon rana a goshi da kumatu, ƙasan haɓa ya yi kore-kore. Ido ɗaya ya fito sarai, ɗayan dishi-dishi. In an ƙara haske furanni su ƙara ƙonewa, in an rage fuska ta nutse. Me ya kamata a fara gyarawa?

Mai_Faifai

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka taɓa kowane maɓalli, ka gyara inda ta tsaya, domin can matsalar take. Fuskarta na cikin inuwa, furannin na cikin rana tsaka, kuma tsakanin rana da inuwa akwai tazarar da takan kai mataki uku na haske, wato ninki takwas. Babu saitin da zai gamsar da su biyun a lokaci ɗaya.

Sabon ganye bai gama rufe bishiya ba, shi ya sa rana ke ratsowa tana yi wa fuska dabbare-dabbare. Ido ba ya damuwa da wannan a fili, amma kyamara tana fito da shi ƙarara, kuma gyaransa a kwamfuta wahala ce zalla. Ka matsar da ita zuwa bakin inuwa, inda babu ɗigon rana ko ɗaya a fuskar, ta fuskanci sararin sama. Sannan ka zagaya har ka sami kusurwar da furannin bayanta su ma suke cikin inuwa. In ba a samu ba, ta juya wa rana baya: gashi ko mayafi ya sami layin haske a gefe, fuskar ta zauna lumui.

Koren da ka gani a ƙasan haɓa daga ciyawa yake. Rana ta daki sabuwar ciyawa, hasken ya dawo sama da launinta. Ka sa a riƙe farin faifan mayar da haske, mai faɗin kamar mita ɗaya, daidai ƙirji, nesa da ita kamar mita ɗaya. Zai tare koren, ya cike ramin idanu, ya kuma sa ɗan ƙyalli a ƙwayar ido. Fari nake nufi. Mai ruwan azurfa da tsakar rana yana kashe ido, sai ka ga mutum ya yamutse fuska. In faifan naka irin mai riguna ne masu launi daban-daban da ake sauyawa, zare rigar: farin yadin da ke ciki, in aka ɗaga shi sama da kai, yana tace rana ya share ɗigo-ɗigon gaba ɗaya.

In kuma akwai zaɓi, a bar ƙarfe ɗaya. Sa'a guda bayan fitowar rana ko kafin faɗuwarta, ko ranar da gajimare ya lulluɓe sama, aikin ya ragu da rabi.

Tsohon_Hannu

Na yarda da Mai_Faifai, amma lambobin da ka kawo su ma suna da magana. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a rana tsaka, f/16 da ISO 100 suna tafiya da 1/100. Ka bi lissafin: f/2.8 na buƙatar 1/3200, f/1.8 kuwa wajen 1/8000. Kyamarori da yawa a 1/4000 saurinsu ya ƙare. Ina kyautata zaton taka ta kai maƙura ne ta tsaya, duk abin da rana ta taɓa ya wuce kima da mataki guda, fari kuwa shi ke fara ƙonewa. Ko ka rufe zuwa f/2.8, ko ka ɗaura gilashin rage haske ND8, mai cire mataki uku.

Ka kuma san halin ma'aunin hasken kyamara: duk abin da ya gani, so yake ya mai da shi toka-toka tsaka-tsaki. In fararen furanni sun cika hoto, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, fuska ta tafi. A nan ana ƙara haske da mataki +2/3 zuwa +1. In kuwa ka auna a kan fata mai duhu kaɗai, akasin haka zai yi, ya ɗaga ta har ta koɗe, sai ka rage kamar -2/3 zuwa -1. Fata ta fito da launinta na gaskiya, kada a haska ta fiye da yadda take.

Allon bayan kyamara a cikin rana ba abin dogaro ba ne. Kunna gargaɗin ƙonewa, wanda ke ƙifta wuraren da suka wuce kima, ka kuma duba histogiram mai launi uku, wato jadawalin da ke nuna yawan haske da duhu a hoton. Ja ne yakan fara cika a fata da furanni masu ruwan hoda, alhali histogiram na gama-gari yana nuna komai lafiya. Ƙiftawa a ɗan gefen fure ba komai. A goshi ko karan hanci, sake ɗauka. Ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ka tsayar da ma'aunin fari, mai daidaita launin haske, da hannu: wajen 5200K a rana, 6000K a gajimare, 7000K a inuwa. In an bar shi ya zaɓa da kansa, yawan kore yana ruɗa shi, kowane hoto ya fito da nasa launi.

Hajiya_Madubi

Malam, zancen ido ɗaya da ya yi dishi-dishi ba laifin lens ba ne. A kyamara mai cikakken sensa, wato babban allon kama haske na cikinta, 85mm a f/1.8 daga nisan mita biyu, abin da ke fitowa sarai bai wuce santimita shida ba. Da ta ɗan karkata kai, ido na nesa ya fita. A f/2.8 kana da kusan tara, a f/4 kusan sha uku. Ka ɗora fokas a idon da ya fi kusa da kai. Masu buɗe lens har ƙarshe don baya ya narke sun manta cewa nisa ya fi yin wannan aikin: ka raba ta da furannin da mita uku zuwa biyar, ko a f/4 bayan zai yi laushi.

Tunda ba ka yi maganar tsari ba, ga abin dubawa. Bi gefunan hoton huɗu kafin ka dubi fuskar. Akwai reshen da ya tsiro daga kanta? Layin ƙasa da sama ya yanke ta a wuya? Akwai farin sararin sama a wata kusurwa? Ido wurin da ya fi haske yake fara zuwa, don haka duk farin da ya fi fuskar ƙarfi ya sace mata kallo. Idanu su zauna wajen kashi ɗaya cikin uku daga sama, a bar fili ta inda take kallo, kuma kada a yanke hoto a gwiwar hannu ko wuyan hannu.

A nan na ɗan saɓa da masu cika hoto da furanni. Reshe ɗaya kusa da lens, a gefe, ya narke ya zama launi kawai, ya isa ya nuna lokacin furanni ne. In iska na kaɗa shi, kada sauri ya yi ƙasa da 1/500.

Sabon_Hannu

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. To in babu mai riƙe faifai, filasha za ta iya maye gurbinsa?

Tsohon_Hannu

Za ta iya, da sharaɗi. Yawancin kyamarori ba sa haɗa filasha da saurin da ya wuce 1/200 ko 1/250, in an wuce sai baƙin layi ya ratsa hoton. Daga 1/3200 zuwa 1/200 mataki huɗu ne, wato a f/2.8 sai da ND16, ko filasha mai HSS, wadda ke iya aiki da saurin da ya wuce haka, ita kuma ƙarfinta yana raguwa sosai, dole ka matso da ita. Fara saita haske a kan furannin har su daina ƙiftawa, sannan ka kunna filasha a -1 ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da ka ga inuwa ta biyu a ƙarƙashin haɓa ko maiƙo a goshi, ta yi yawa, rage ƙarfinta da kashi ɗaya cikin uku na mataki.