Tirelar jirgin ruwa tana kama birki idan na sa ribas, ina zan haɗa shuɗiyar waya?

Baban_Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah masu sanin wayarin ɗin mota ku taimaka min. Na sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji tare da tirelarsa, na hannu ne amma da lafiyarsa. Tirelar birkin faranti gare ta, mai aiki da man birki, irin wanda in ka taka birkin mota sai tirelar ta turo gaba ta matse kanta da kanta. Fulogin tirelar mai baki biyar ne a jere, motata kuma a-kori-kura ce da ta zo da soket mai baki huɗu kawai. Da farko haka nake cusa shi, huɗu su shiga ɗaya ya rage a waje, fitilu duk suna kamawa, sigina dama da hagu, fitilar birki, komai lafiya lau a kan hanya.

Matsalar ita ce ribas. Da na sa ribas musamman in wurin akwai ɗan tudu ko yashi sai tayoyin tirelar su ƙame ƙam, motar na nishi tirelar ta ƙi motsi, ranar nan har sai da taya ta bar alama a ƙasa. Sannan fitilun ribas da ke bayan tirelar ba su taɓa kamawa ba tun da na saya. Na kai wa wani riwaya ya sa min soket zagayayye mai baki bakwai, ya ce shuɗiyar wayar da ta rage ai ta birki ce, don haka ya jona ta da wayar fitilar birkin mota. To tun daga nan abin ya ƙara rikicewa, ribas ɗin bai gyaru ba, kuma yanzu ina ji kamar tirelar tana tura motar in na taka birki a gangara, wanda da ba na jin haka. Shin shuɗiyar nan ina ya kamata ta je? Kuma sai na sayi na'urar nan ta sarrafa birkin tirela da ake ɗaurawa ƙarƙashin sitiyari ko ba dole ba ne?

Malam_Riwaya:

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Kafin komai don girman Allah kar ka sake jan tirelar nan a titi sai an cire wayar daga inda aka jona ta. Abin da kake ji a gangara gaskiya jikinka ya gaya maka, a halin yanzu tirelarka ba ta da birki daidai lokacin da kake buƙatarsa.

Bari in yi maka bayani dalla-dalla. A wuyan tirelar akwai famfon man birki, in mota ta rage gudu nauyin jirgin sai ya turo gaba ya danna famfon, mai ya tafi tayoyi, birki ya kama. Ba ruwansa da lantarki ko kaɗan. To amma shi famfon bai san bambancin ka taka birki da ka sa ribas ba, duk biyun matsa wuyan ake yi, shi ya sa tayoyin suke ƙamewa in kana komawa baya. Don magance wannan ne ake sa wani ɗan bawul na lantarki a bayan famfon, solonoyid, wanda in wuta ta zo masa sai ya hana man isa tayoyi. Wato aikin shuɗiyar wayar a fulogi mai baki biyar shi ne KASHE birki, ba kunna shi ba, kuma wutar da take jira ita ce ta fitilar ribas. Yanzu da aka jona ta da fitilar birki, duk sanda ka taka birki sai bawul ɗin ya samu wuta ya toshe man. Ka ga an juya abin gaba ɗaya.

Inda mutuminka ya ruɗe na gane shi, don ba shi kaɗai ba ne. A soket mai baki bakwai irin na Amurka shuɗiyar waya ta birki ce da gaske, amma birkin lantarki, wadda ke fitowa daga na'urar sarrafa birki. Kala ɗaya, aiki biyu masu karo da juna. A mai baki biyar: fara ita ce at, wato hanyar da wuta ke komawa ta jikin ƙarfe, mai ruwan ƙasa fitilun dare, rawaya siginar hagu da birki, koriya siginar dama da birki, shuɗiya ribas. A mai bakwai kuma in ka tsaya bayan mota ka buɗe murfin kana kallon soket ɗin kamar fuskar agogo, ƙarfe 1 wutar batir ce 12V, ƙarfe 3 siginar dama, ƙarfe 5 birkin lantarki, ƙarfe 7 at, ƙarfe 9 siginar hagu, ƙarfe 11 fitilun dare, sai na tsakiya shi ne ribas. Shuɗiyar tirelarka na tsakiyan nan take nema, ƙarfe 5 kuma a bar shi haka nan babu komai.

Akwai adafta daga bakwai zuwa biyar da ake sayarwa, a cikinta baki na biyar ɗin daga tsakiya yake ɗauko wuta, amma ko ita ka gwada ta da testa kafin ka yarda. Batun na'urar ƙarƙashin sitiyari kuwa, a'a, irin birkinka ba ya buƙatarta, ka ajiye kuɗinka.

Abu_Muhsin:

Malam ya gama magana a kan shuɗiya, Allah ya ƙara basira. Ni inda zan ƙara shi ne yadda za a ɗauko wutar ribas ɗin, don a nan ma ana ɓarna. Yawanci sai a fere wayar fitilar ribas ta mota a murɗa wata a kai a naɗe da salatef shi ke nan. In tsohuwar mota ce kuma solonoyid kaɗai za ta ɗauka, zai iya tafiya don ba ya cin wuta sosai, amma kai ka ce akwai fitilun ribas a tirelar ma, kuma motocin yanzu kwamfuta ce ke ba fitilu wuta tana auna abin da suke ja, in ta ga lodi ya ƙaru sai ta yanke layin ko ta kunna maka alama a dashbod. Ni shawarata a sa rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba, ƙafafunsa da lambobi a jiki. Ƙafa 86 ta je wayar fitilar ribas, 85 ta je at, 30 ta ɗauko daga batir ta cikin fis wanda ke kusa da batir ɗin ba can baya ba, 87 kuma ta tafi bakin tsakiya na soket. Ka ga fitilar mota umarni kawai take bayarwa, nauyin yana kan batir.

Amma tukuna, ka leƙa ƙarƙashin motar kusa da safaya taya ko bayan bamba, da yawan a-kori-kura suna zuwa da wayoyin jan tirela tun daga kamfani an toshe bakinsu an naɗe, har da ta ribas a ciki, wani lokacin fis ko rile ɗinsu ne kawai ba a sa ba a akwatin fis. Duba littafin motar. In akwai wannan to ba sai an fere komai ba.

Kuma kar ka dogara da kala wallahi, ko a mai bakwai ɗin ma tsari biyu ne, wani wayar ribas rawaya ce wani shunayya, kuma tirela ta hannu ba ka san hannu nawa ya taɓa ta ba. Testa ita ce alƙali. Sa hanbirki, sa katako ko dutse a tayoyi, kunna makulli ba tare da tada inji ba, wani ya zauna a ciki ya taka birki ya sa ribas, kai kuma ka taɓa bakin tsakiya. Ya kawo wuta a ribas kaɗai, in aka cire giya ta ɗauke.

Baban_Hanifa:

Innalillahi, wato da iyalina na hau titi a haka. Na gode Malam, na gode Abu Muhsin, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na koma mun cire wayar daga fitilar birki, kuma kamar yadda Abu Muhsin ya ce mun samu wayoyin kamfani a naɗe a bayan bamba, muka gwada muka samu ta ribas muka kai ta tsakiya. Testa tana kamawa daidai a soket ɗin mota. Sai dai har yanzu da sauran rina a kaba, in na jona tirelar wani lokacin ina jin ɗan ƙas a wuyan tirelar kuma ta tafi baya sumul, wani lokacin shiru kuma tayoyin su sake ƙamewa. Fitilun ribas ɗin ma suna kamawa amma dishi-dishi, in na kunna sigina kuma sai su riƙa ƙiftawa tare da ita. Solonoyid ɗin ne ya mutu ko me?

Malam_Riwaya:

Bai mutu ba in sha Allah, tunda yana yin ƙas wani lokacin. Wannan alamar at ce ƙarara. Duk inda ka ga fitila tana dishi-dishi ko tana ƙiftawa da siginar da ba tata ba, wuta ce ta rasa hanyar komawa take bi ta cikin wani ƙwan. Kuma tirelar jirgi ita ce sarkin wannan ciwon saboda kullum tana cikin ruwa.

Bi farar wayar tirelar ka ga inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfe, na tabbata za ka tarar da tsatsa ko farin gari a wurin. Kwance, goge da sanfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, sa sabon kan waya, ɗaure tam, sannan ka shafe da giris. Yawancin solonoyid ɗin nan waya ɗaya ce gare su, ta jikinsu suke samun at, to in wuyan tirelarka irin mai naɗewa ne, mahaɗar nan ba ta wuce wuta yadda ya kamata, sai ka ja waya ta tsallake ta daga gaba zuwa baya. Ni in da hali ma na fi son a ja farar waya har kowace fitila a daina dogara da shasi. Haka ɓangaren mota, farar soket ɗin ta kama shasi a wuri mai tsabta da waya mai kauri, kamar lamba 12 ko 10. Ƙwallon da tirela ke hawa ba at ba ne, yau ya taɓa gobe giris ya raba su, shi ya sa abin yake maka wata rana e wata rana a'a.

Mai_Komi:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba riwaya ba ne amma na daɗe ina jan jirgi, abu biyu zan faɗa maka ɗan'uwa. Na ɗaya, solonoyid iri biyu ne. Akwai mai toshe hanyar mai kawai, akwai mai mayar da man cikin tankinsa, za ka gane shi da ɗan ƙarin tiyo da ke komawa famfon. In naka mai toshewa ne kuma ka tsaya a wurin da tirelar ta riga ta danno motar, kamar ka tsaya kan gangara hancinka na ƙasa, to man ya riga ya matse birki, da ka sa ribas sai bawul ya kulle shi a ciki, tayoyi su ƙi sakewa ko da wayarinka lafiya lau. Maganinsa ka ɗan ja gaba kaɗan wuyan ya miƙe, sannan ka sa ribas. Kar wannan ya sa ka sake kwance wayoyi.

Na biyu, tsofaffi sun saba cire fulogi kafin su tura tirela cikin ruwa don kar ƙwai mai zafi ya fashe. Da irin birkinka in ka cire fulogi ka cire solonoyid ke nan. Gara ka canza fitilun zuwa LED rufaffu masu jure ruwa ka bar fulogin a jone. Duk mahaɗar waya kuma a yi ta da robar nan da ake ƙonawa ta kama mai gam a ciki, ban da salatef, ruwa yana shiga ƙarƙashinsa wayar ta yi kore ta ruɓe daga ciki ba ka sani ba. Sannan ka nemi ɗan makullin ƙarfe da ake saƙalawa a wuyan tirela ya hana shi matsewa, ka ajiye a mota saboda ranar da wuta za ta ƙi ko wata mota za ta ja maka. Amma da ka gama ribas ka zare shi, in ka manta shi a ciki ka hau titi babu birki.

Baban_Hanifa:

Alhamdulillah an dace. Farar wayar ce kamar yadda Malam ya faɗa, da na taɓa ta ma sai ta gutsure a hannuna, kuma wuyan mai naɗewa ne don haka mun ja sabuwa ta tsallake mahaɗar. Yanzu duk sanda aka sa ribas ƙas ɗin na fita, fitilun sun yi haske tar, na gwada baya sau wajen goma har kan tudu ba ta kama ba. Na kuma gwada birki a fili a hankali da jirgin a kai, na ji tirelar tana riƙe kanta kamar da. Mai Komi na duba nawa babu ƙarin tiyon, wato mai toshewa ne, zan kiyaye da batun jan gaba. Makullin ƙarfen ne ban samu ba tukuna, kowane wuya da irin nasa ne ko duk ɗaya suke?

Mai_Komi:

Kowane da nasa ne, wani makulli ne a gefe wani fil ake zurawa wani kuma murfi ake juyawa a sama. Duba jikin wuyan za ka ga sunan kamfani da lambar samfurin an buga a ƙarfen, da ita za ka nema. In ka tashi kuma ka buɗe tankin ka duba man birkin, tirelar da ta sha ja tana ƙame haka gara a leƙa takalman birkin ma.