Abin da masu horarwa suka ce matasa su ɗauka daga Denis Law

Da aka tattauna kan tsohon ɗan ƙwallon ƙafa Denis Law, haifaffen Aberdeen a 1940, ɗan Sikotland kaɗai da ya taɓa lashe Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara (1964), masu horarwa sun fi dogon bayani kan tsayuwarsa a gaban raga. Law ba ƙato ba ne, amma ya ci wa Manchester United ƙwallo 237 a wasa 404. Shawararsu ga ɗan wasan gaba: da zarar abokinka ya ɗaga ƙafa zai buga, ka fara gudu wajen mai tsaron gida, don ƙwallon da ta kuɓuce masa ta wanda ya riga isa ce. Wajen sa kai kuma, ka riga mai tsaron baya tashi sama. Wanda ya jira ƙwallo ta iso, an riga an danne shi.

Sun gargaɗi masu rawar jikin fita ƙasashen waje. A 1961 ƙungiyar Torino ta Italiya ta sayi Law fam 110,000, amma tsarin tsaro na Italiya ya shaƙe shi, kaka ɗaya ya yi ya dawo Ingila. A binciki salon wasan ƙungiya kafin a sa hannu.

Maganar gwiwa ta fi taɓa su. Law ya daɗe yana wasa da allurar kashe zafi, har ciwon ya kwantar da shi asibiti ranar da United ta doke Benfica 4-1 a wasan ƙarshe na Kofin Turai a 1968. Allura ɓoye ciwo take yi, guringuntsi na ci gaba da cinyewa. Gwiwar da ta kumbura bayan wasa, a kai ta ga likita.