Neman Jagora da Ƙarin Girma ga Mace Injiniyar Manhaja

Auta: Assalamu alaikum, yayyena. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina aikin rubuta manhaja a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Abuja, a ɓangaren saba (server) da rumbun bayanai, kuma har yanzu ina kan matakin da aka ɗauke ni, alhali mazan da muka shigo tare an riga an ƙara musu girma. Ni ke rubuta abin da aka tattauna a kowane taro, ni ke karɓar sababbin ma'aikata in nuna musu kan aiki, ni kuma ke bin masu gwaji da masu zane don kada aiki ya tsaya. Da lokacin auna ƙwazo ya zo, manajana ya yaba mini, sannan ya ce bai ga wani babban aikin fasaha mai ɗauke da sunana ba. Shin jagora nake buƙata? In haka ne, a ina ake samun ta?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Jagora za ta amfane ki, amma ina ganin ba nan matsalarki ta fara ba. Ayyukan da kika lissafa su ne suke riƙe da tawaga, kowa yana jin daɗinsu, sai dai a yawancin kamfanoni ba a rubuta su cikin sharuɗɗan ƙarin girma na ƙaramin injiniya ba, kuma mata aka fi jinginawa su domin an san da wuya mu ce a'a. Abu na farko, ki nemi manajanki ya ba ki rubutaccen bayanin abin da ake tsammani daga mai matakin da ke gaba da naki, ku bi shi tare layi-layi, ya faɗa miki inda kika kai da inda ya rage. Na biyu, ki roƙi a mayar da rubuta bayanin taro karɓa-karɓa tsakanin kowa da kowa. Lokacin da kika samu daga nan sai ki zuba shi a kan aiki guda mai nauyi wanda za ki riƙe tun daga takardar tsarinsa har ranar da zai isa hannun masu amfani, misali gyara ɓangaren biyan kuɗi da ke yawan tsinkewa ko rage jinkirin rumbun bayanai.

Ki kuma buɗe wata takarda taki ta kanki, duk ƙarshen mako ki rubuta abin da kika gama, da abin da ya sauya saboda shi, da adadi in akwai. Manaja mutum ne, abin da ya faru a watan jiya kaɗai yake tunawa, don haka ranar auna ƙwazo ke ce za ki kawo masa shekarar gaba ɗaya a rubuce.

Anti ta Zariya: Na yarda da Yaya, sai dai kada mu raina batun jagora, domin wanda ke cikin gida ba ya ganin inda rufin ke yoyo kamar na waje. Auta, ki fara da She Code Africa, ƙungiyar da Ada Nduka Oyom ta kafa a 2016, wadda ke da shirin haɗa masu tasowa da waɗanda suka riga su, kuma matan cikinta sun san yanayin aikin Najeriya, daga albashi har matsalar wuta da kuɗin data. Akwai kuma shafin intanet na ADPList, inda za ki zaɓi ƙwararriya daga kowace ƙasa ki nemi ta ba ki lokaci kyauta. In harshen rubuta manhaja na Python kike amfani da shi, ki nemi PyLadies, ƙungiyar mata masu amfani da shi. Ki riƙa halartar tarukan DevFest da rukunonin GDG (ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da Google ke tallafawa) suke shiryawa, domin ana yin su a Abuja da Kano da Kaduna, ba sai an je Legas ba.

Abin da nake so in jaddada shi ne yadda ake tunkarar mutum. Kada ki aika wa babbar injiniya saƙo cewa kina so ta zama jagorarki, domin ba ta san nauyin da za ta ɗauka ba, kuma mafi yawansu shiru za su yi. Ki kai mata tambaya guda ƙayyadaddiya, ki nuna abin da kika riga kika gwada, ki nemi rabin awa. In ta ba ki shawara, ki aiwatar, sannan ki koma ki gaya mata sakamakon. Komawar nan ita ce ke sa mutum ya ji lokacinsa bai tafi a banza ba, kuma daga nan alaƙar ke ɗorewa.

Maman Biyu: Ga masu tasowa da ke karanta mu, ina ba da shawarar Outreachy. Horo ne na wata 3 daga gida a kan ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa ke iya gani da gyara rubutunta), ana ba kowa jagora, kuma a zagayen shekarun baya-bayan nan ana biyan dala 7,000. Kafin a zaɓi mutum sai ya yi makonni yana ba da gudummawa ga aikin da yake nema, kuma ko ba a ɗauke ki ba, abin da kika rubuta yana nan a bainar jama'a da sunanki. Google Summer of Code ma, wani horo irin wannan na kamfanin Google, tun 2022 ya daina taƙaita kansa ga ɗalibai.

Yaya Babba: Gaskiya ne, Maman Biyu, amma Outreachy yana buƙatar awa 30 a mako, saboda haka bai dace da Auta mai cikakken aiki ba, sai ƙannenmu da ba su fara ba. Abin da Auta za ta iya shi ne ta zaɓi buɗaɗɗiyar manhaja guda da kamfaninsu ke dogaro da ita, ta riƙa gyara ƙananan kurakurai a GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan ayyuka, domin bitar da masu kula da irin waɗannan ayyuka suke yi wa kod ɗin da mutum ya rubuta karatu ne mai zaman kansa.

Akwai kuma wani abu da jagorar waje ba za ta iya yi mata ba. Ana yanke hukuncin ƙarin girma ne a ɗakin da ba za ta shiga ba, kuma dole a sami wani babba a ciki da ya ga aikinta da idonsa, wanda zai ambaci sunanta ya kuma tsaya mata. Irin wannan mutum ba a roƙonsa da baki. Ana samunsa ne ta hanyar kai masa takardar tsari ya duba, da gabatar da aiki a gaban sauran tawagogi, da cika alkawari a kan lokaci.

Malam: Ku ba ni dama in sa baki, tunda ina cikin masu zama a irin wannan ɗaki. A yawancin wuraren aikinmu manyan injiniyoyi maza ne, don haka in mace ta ce sai mace za ta jagorance ta, za ta daɗe tana jira. Na san abin da ke sa 'yan uwanmu mata ja da baya, wato tsoron surutun mutane, kuma tsoro ne mai tushe. Maganinsa shi ne a yi komai a fili: ganawa a ofis cikin lokacin aiki ko ta bidiyo, da ajanda a rubuce, ba kiran dare ba, kuma manaja ya san da ita. Mu maza kuma hakki ne a kanmu mu daina kammala muhimmiyar magana a wurin shan shayi bayan an tashi, lokacin da matan aure sun riga sun tafi gida.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri, Malam. Auta, ƙari guda daga gare ni: kada ki rataya duk fatanki a kan ƙungiya ɗaya. Women Who Code, ƙungiyar mata masu rubuta manhaja, duk girmanta da rassanta a ƙasashe da dama, ta rufe a watan Afrilun 2024 saboda ƙarancin kuɗi. Ki riƙe mutanen da kika sani a ƙungiya a matsayin mutane, ku riƙa gaisawa ko ba taro. Sannan in aure ko haihuwa na gabanki, ki karanta sharuɗɗan hutun haihuwa na kamfaninku tun yanzu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi mako 12, wasu kamfanoni suna ba da fiye da haka, kuma ya kamata ki tambaya a rubuce yadda hutun zai shafi lokacin auna ƙwazonki.

Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ranar Litinin zan nemi manajana a kan rubutattun sharuɗɗan, kuma akwai aikin sake tsara yadda muke daidaita lissafin ma'amaloli da banki wanda kowa ke gudu, zan ce a ba ni shi. Yaya Babba, in na rubuta takardar tsarin, zan cire abin da ya shafi sirrin kamfani, ko za ki duba mini kafin in kai wa shugaban injiniyoyinmu?

Yaya Babba: Ki turo, ƙanwata, zan duba a ƙarshen mako in Allah ya yarda. Ki tabbata kin rubuta aƙalla hanyoyi 2 da kika auna kika ajiye, da dalilin ajiye su, domin nan ne shugaban naku zai fara yi miki tambaya.