"Sabo turken wawa": har da wanda aka canza wa waya cikin dare?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Wata karin magana aka jefe ni da ita jiya, tun daga lokacin take ta min yawo a kai, shi ne na ce bari in kawo ta nan. Mahaifinmu ya haura saba'in, bai yi boko ba amma waya kam yana riƙe ta, sai dai shi ba karantawa yake ba, waje ya haddace. Ya san koren abin nan na ƙasa gefen dama nan mutanensa suke, ya san hoton ƙanwata da ke aure a Gombe shi ne na uku, ya san inda zai ɗora babban yatsa ya yi magana ya saki ta tafi. Shekara huɗu a haka bai taɓa neman kowa ya taimaka masa ba. Shekaranjiya wayar ta yi afdet da kanta cikin dare. Bayan asuba ya aiko jika a kira ni, na same shi zaune kan buzu carbi a gefe, wayar a tafin hannu yana ta danna inda ya saba wani abu daban na buɗewa, ya ɗago ya ce min "wa ya taɓa min waya?" Wallahi abin ya taɓa min zuciya, don a muryarsa na ji kamar yana zargin kansa ne ko ƙwaƙwalwa ce ta fara taɓuwa. Da na yi wa ƙanina ƙorafi, shi yana karatun kwamfuta, sai ya ce min "Yaya ai sabo turken wawa ne, sabon tsarin ya fi kyau." To ni dai ban yarda ba. Tsohon da ya koya wa hannunsa aiki shi ne wawa? Masana ku warware mana, a nan ake saka wannan karin maganar?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mu fara da turken kansa tukuna. Turke shi ne guntun icen da ake kafawa a ƙasa a ɗaure akuya ko jaki ko doki, kuma duk wanda ya yi kiwo ya san wani abu, akuyar da ta daɗe a turke ko ka kwance igiyar sai ka dawo ka same ta tsaye a gurin, ga dusa can gefe ga ƙofa a buɗe amma ba za ta gusa ba. Wannan hoton Bahaushe ya ɗauko. Wato mutumin da ba abin da ya ɗaure shi sai sabo, yana cutuwa a guri, hanya a buɗe, amma ya kasa tafiya. Ana faɗa wa mai komawa gun abokin da kullum ke cutarsa, ko mai shan abin da ya san yana lalata shi. Sharaɗin shi ne a samu cuta a zaman, a kuma samu mafita a ƙi bi. Baba wace cuta yake yi a tsohon tsarin? Babu. Don haka ƙaninka ya ɗauko maganar ya ajiye ta inda ba gurinta ba, kuma ma ba a jifan mahaifi da ita ko a bayan idonsa.

Ɗalibin kwamfuta: Anti na yarda bai kamata a faɗa wa dattijo haka ba, amma ku bar ni in ɗan kare ɗan'uwana. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. A 2006 da Facebook suka kawo shafin nan da ke jero maka abin da abokanka suka saka, dubun dubatar masu amfani da shi suka yi ca suna cewa a cire, yau wa zai iya tunanin Facebook ba shi? Haka da aka fara wayar shafa mutane suka ce su sai mai madanni, ina masu BlackBerry ɗin yanzu, BBM, manhajar hirarsu da ake taƙama da lambar fin ɗinta, an rufe ta a 2019. Da kullum kukan masu sabo ake bi da har yanzu Nokia 3310 muke riƙewa muna wasan maciji. Duk sabon abu sai ya yi ciwo sati biyu, daga nan a manta.

Tsohuwar mai tafireta: Ɗana ba duka ake mantawa ba. Ni shekara talatin ina buga takardu, daga tafireta na koma kwamfuta, kuma ina bakin aiki a 2012 da Windows 8 ta fito aka cire madannin Start na ƙasa gefen hagu, wanda yake nan tun Windows 95, aka cika fuskar da wasu manyan akwatuna masu launi don ana so ta yi kama da ta taɓawa da hannu alhali yawancin mutane linzami ne a hannunsu. Duniya ba ta manta a sati biyu ba. Microsoft da kansu suka dawo da madannin a 8.1 cikin 2013, sannan a Windows 10 ta 2015 suka dawo da jerin gaba ɗaya. To in masu kuka wawaye ne me ya sa kamfani ya bi su? Kuma kalli allon haruffan da kake rubutu da shi yanzu, jerin QWERTY ɗin nan tun shekarun 1870 yake daga tafireta, ba wanda ya isa ya motsa shi, don yatsun miliyoyin mutane sun haddace. Ni idona a kan takarda nake bugawa ba na kallon hannu. Wannan ba turke ba ne, ƙwarewa ce, kuma da sabo ake samunta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Baƙo daga Maraɗi: Gaskiyarki Hajiya. Mu nan Nijar allonmu na Faransa ne, AZERTY, inda A take nan Q take a naku, W da Z ma sun yi musaya, M kuma tana can gefen L. Ran da na zauna gaban kwamfutar wani aboki a Katsina sunana ma sai da na goge sau uku. Ba nawa ya fi ba ba nasa ya fi ba, hannu ne kawai kowa da inda ya tashi. A salula ma haka ne.

Mai gyaran waya: Ni a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano nake zaune, abin da ake magana a kai kullum shi ke zuwa teburina, don haka bari in faɗi gaskiya ta ɓangare biyu. Akwai inda karin maganar ta zauna daram. Mutum zai zo da waya batir ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, ka ce masa wannan haɗari ne a canza, ya ce shi ya saba da ita haka, ya ɗaure da roba ya mayar aljihu. Ko wanda lambar sirrinsa ta banki shekarar haihuwarsa ce, ka yi magana ya ce ita ya saba. Wannan kam turke ne, ga cuta ga mafita ya ƙi. Haka masu ƙin afdet gaba ɗaya, don a cikinsa ake toshe ɓarakar da ɓarayi ke shigowa ta ciki, wanda ke kan Windows 10 ma ya sani tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft suka daina ba ta kulawar da aka saba. Amma ɗaya ɓangaren, ba kowane canji ne don kai aka yi shi ba. 2016 Apple suka cire ramin iyafis a iPhone 7, a rana ɗaya suka nuna AirPods, iyafis marar igiya, na dala 159, wasu kamfanonin suka yi musu dariya a talla daga baya su ma suka bi. Ƙarshen 2017 Apple suka amsa cewa afdet yana rage gudun tsofaffin wayoyi masu raunin batir, sun ce don kar wayar ta riƙa mutuwa ne, amma Faransa ta ci su tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda ba su sanar da mutane ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma ku lura, canjin da ke da amfani ba a roƙon mutane su karɓa, da iPhone 15 ta koma caja USB-C a 2023 saboda dokar Tarayyar Turai wa kuka ji yana kuka a kasuwa? Kowa murna ya yi caja ɗaya ta wadatar da gida. Saƙon murya ma wa ya koya wa tsofaffinmu, da kansu suka rungume shi.

Mai gidan gem: Ni fa tawa fahimtar daban ce, turken yana nan amma ba mu muka kafa shi ba. A shagona yara kashi biyu ne tun zamanin na'urar PS2 a kan gem ɗin ƙwallo, 'yan PES da 'yan FIFA, kuma rigimarsu a madanni biyu take, a PES murabba'i ne shot, a FIFA da'ira ce. Ka ba ɗan PES hannun FIFA ya zo gaban gola shi kaɗai sai ka ga ya ɗaga ƙwallo sama ta tafi kwana, shago ya ɗau ihu. Wannan sabo ne na hannu ba laifi, a saitin ma ana juyawa. Inda turken yake shi ne duk shekara a fito da sabo, a canza riguna da sunayen 'yan wasa da ɗan abin da ba a rasa ba, mu kuma mu biya kuɗi cikakke don ba ma iya barinsa. EA, kamfanin da ke yin gem ɗin FIFA, sun rabu da hukumar FIFA bayan kusan shekara talatin, 2023 wasan ya koma FC 24, amma har gobe yaro in ya shigo cewa yake a sa masa FIFA, ba a sake wa tuwo suna. Su kuma Konami 2021 suka kashe sunan PES suka kawo eFootball, ya fito da fuskokin 'yan wasa a karkace har sai da kamfanin ya ba da haƙuri. Garin neman gira aka rasa ido. Duk da haka 'yan PES ba su gudu ba, suna zagi suna bugawa, ni ma ina cikinsu. To wannan ne nake ganin karin maganar ta kama, kuma kamfanonin sun san da haka sarai, da sabon namu suke ciniki.

Uwar biyu: Mai gidan gem ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Fim fa? Tun zamanin kaset da faifan sidi ake mana na 1 da na 2, sai a ce a saurari na 3 da na 4, labarin da ya ƙare tun a na biyu sai a ja shi da kuka da tafiya a mota. Yanzu masu dogon zango a YouTube sun ɗauka, zango na farko ka kasa barci don daɗi, zuwa na biyar wanda ya mutu ya dawo, an ƙirƙiro wata kishiya daga sama, labari ya zama ruwa. Na Amurka da na Indiya ma haka, fim ya yi kasuwa sai a yi ta haifa masa ƙanne. Kuma duk sati ina zaune da data ta ina kallo ina tsaki, yarana na ce min Umma ki daina mana, na kasa, don na saba da mutanen ciki kamar 'yan gidanmu. Ni kam na yarda wannan turke ne. Su kuma masu shiryawa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗalibin kwamfuta: Hajiya na karɓi gyara kan Windows 8, a aji ma misalin kuskure ake ba mu da ita. Amma har yanzu ina nan kan cewa ba za a daina canji saboda mutum ɗaya ba. Abin da zan yarda da shi, ya kamata a riƙa tambaya kafin a motsa wa mutum kaya, ko a bar masa hanyar komawa tsohon tsari.

Malamar Hausa: To ai ka zo gida. Ba mutum ɗaya ba ne kuwa, duk wanda ba ya karanta rubutun da ke kan allo da waje yake aiki, kuma suna da yawa a cikinmu, ga masu raunin gani, ga tsofaffi. Ka shiga kicin ɗin mace cikin dare ka mayar da gishiri inda sukari yake, da safe ta zuba a koko, sai ka ce mata sabo turken wawa? Abin da na lura a hirar nan, Uwar biyu da Mai gidan gem da kansu suka ɗora wa kansu maganar, kuma a nan ta fi daɗin zama, mutum ya faɗa wa kansa ko aboki ya faɗa wa aboki don ya farka. In mai canza maka kaya ne ya faɗa maka, ta koma abin rufe baki.

Mai gyaran waya: Ɗan Fagge kar dai ka kashe afdet ɗin gaba ɗaya saboda haushi. Ka cire na atomatik, ka riƙa yi masa da hannunka kana zaune kusa da shi, in wani abu ya motsa ka nuna masa nan take. Kuma yawancin wayoyin Android suna da tsari mai sauƙi na manyan gumaka, duba cikin saitin, sannan ka fito masa da hotunan mutum huɗu ko biyar da ya fi kira kan fuskar wayar.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na nuna wa ƙanin nawa hirar nan, ya yi shiru, da magariba shi da kansa ya karɓi wayar ya zauna gefen buzun Baba. Koren abin ya mayar da shi ƙasa gefen dama, na cikin manhajar ne ya ce ba ya komawa yadda yake, sai ya kama yatsan Baba ya ɗora a sabon gurin suka yi ta maimaitawa kamar sau goma. Kafin isha'i Baba ya tura wa ta Gombe saƙon murya na minti uku shi kaɗai, rabinsa labarin wayar ne. Mai gyara, hotunan nan da ka ce a fito da su kan fuska, ta cikin lambobin waya ake yi ko ta saitin? Ina so in gama masa kafin Juma'a.