Sai bango ya tsage... to wane ne ƙadangaren?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Jiya liman ya jawo "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" a huɗubarsa kan rigimar gado. Da muka koma majalisa, wani malamin tarihi ya ce ai Abraham Lincoln ma ya faɗi irinta a Springfield a 1858, cewa gidan da ya rabu biyu ba zai tsaya ba, wato Amurka ba za ta ɗore rabi da bauta rabi babu ba. Wani dattijo ya ce sam ba ɗaya ba ne, har da ɗaga murya. Ku raba mu.

Na Malam: Wa alaikumus salam. Dattijo ya fi gaskiya. Tamu kashedi ce kan baƙon da ke jira a waje. Ta Lincoln, wadda ya ciro daga Linjila, babu baƙo a cikinta, masu gidan ne za su rushe shi da hannunsu. Haka kuwa aka yi: an zaɓe shi shugaban ƙasa a 1860, jihohin Kudu suka fara ɓallewa har suka kai 11, aka fara wutar yaƙin basasa a sansanin Fort Sumter a Afrilun 1861. Fiye da mutum 600,000 suka mutu. Ina ƙadangare a nan?

Alƙalami Ya Fi Takobi: Malam, da sauran karatu! Suna can suna kashe juna Faransa ta kutsa Meziko ta naɗa Maximilian sarki a 1864, abin da ba za ta kuskura ta yi ba da Amurka na zaune lafiya. A Ingila aka ƙera jirgin Alabama da ya yi ta nutsar da jiragen kasuwancin Arewacin Amurka, daga baya a 1872 aka yanke wa Ingila biyan Amurka diyyar dala miliyan 15.5. Ga ƙadangaru biyu ƙosassu. Su kansu Amurkawan ta irin wannan ƙofar suka sami 'yanci: da suka ɓata da Ingila a 1776, Faransa ce ta shigo ta taya su har Yorktown a 1781.

Baban Hanifa: Ni dai ina ganin kun ɗauko ƙadangaren da ba shi ba. Na bakin tulu ne: a kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Tun 1619 aka sauke 'yan Afirka a Virginia. Da aka zo rubuta tsarin mulki a 1787, an san in aka taɓa bauta Kudu ba za ta shigo ba, sai aka bar shi a kan tulun, aka ce a ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru. A 1820 aka sake lallaɓawa kan bauta a jihar Missouri. Ruwa na ta ɓaci, ana ta sha.

Mai Shayin Layi: Rabon kujeru tun 1787? Ashe gado muka yi. Namu ƙadangarun ma ba sa jiran tsagewa, da gudumarsu suke yawo. Yau wannan jam'iyya, gobe waccan, ana gyaɗa kai.

Uwar Biyu: Ku bari in ba ku na kakarmu, Allah ya jiƙanta. Da kakanmu ya rasu, Baba da Baffa suka yi rigimar gado har gaban alƙali, aka ja katanga a tsakar gida. Rijiya ta faɗa ɓangaren Baffa, rumbu da bishiyar mangwaro ɓangarenmu. Kowa ya hana 'ya'yansa taka ƙofar ɗan'uwansa, har gaisuwar salla. Inna, wato kakar tamu, tana namu ɓangaren, kullum tana zaune jikin katangar nan da carbinta, mu duk mun ɗauka inuwa take bi. Ashe da wata tsohuwar wuƙa take ƙwaƙular ƙasar a hankali, ta jingina tabarma ta rufe. Da damina ta zo wurin ya ƙara buɗewa. Ta nan take miƙa wa 'ya'yan Baffa tuwo da mangwaro, matar Baffa kuma ta turo mana ruwa a kwano idan namu ya ƙare. Ranar da Baba ya gano, ya tsaya yana faɗa, yana jawo wannan karin maganar taku. Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Ni ce ƙadangaren, zo ka kashe." Baba ya juya ya shige ɗaki. Ba su shirya a ranar ba fa, kada ku ce na ƙara gishiri, sai da aka zo auren yayarmu. Amma ba wanda ya sake toshe ramin.

Na Malam: Allah ya kai haske kabarinta.

Alƙalami Ya Fi Takobi: Amin. Hajiya, kin juya mana zancen. Bayi kusan miliyan 4 ne a bayan wancan bangon a 1860, wa zai ce musu tsagewa musiba ce? Tun watan Mayun 1861 wasu uku suka tsere zuwa Fort Monroe, sansanin sojan Arewa, kwamandan wurin Janar Butler ya ƙi mayar da su, dubbai suka biyo baya. Har wani ɗan Kukawa ta Borno, Nicholas Said, ya shiga sojan Arewa a 1863.

Baban Hanifa: Sai dai yaɓen da aka yi bayan 1865 fa? An haramta bauta, amma a 1877 aka janye soja daga Kudu, 'yan siyasar ɓangarorin biyu suka sasanta, baƙar fata ya koma ba ƙuri'a. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a kan wa aka ɗaure kayan?

Mai Shayin Layi: In manya suka rungumi juna a gaban kyamara, talaka ya duba aljihunsa. Wani ma katangar makarantarmu ya yi alkawari, zaɓe biyu ke nan.

Ɗan Kurmi: To ni me zan je in gaya wa dattijo?

Baban Hanifa: Ka ce masa muna nan muna bincike. Hajiya, rijiyar fa, a hannun wa ta ƙare?

Uwar Biyu: Ta ƙafe tun tuni. Yanzu duk gidan 'yan garuwa muke jira.