Shirin sihiri a bakin ƙofa: yadda kowa ya rage ɓata lokaci kafin faɗa

Sarkin Kogo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina jan ragamar wasan Pathfinder, wasan labari na kan tebur inda kowane ɗan wasa yake riƙe da jarumi ɗaya ana jefa ƙwaya mai lambobi, bugu na farko wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009, tare da abokai biyar da muke haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar. Lokacin da jaruman suke ƙananan matakai ban san da wannan matsala ba, domin abin da masihircinmu yake da shi bai wuce Mage Armor da zai ɗaura wa kansa da safe ba. Yanzu sun kai mataki na 11, kuma duk sa'ad da suka tsaya a bakin ƙofar da suke zaton akwai dodo a bayanta, sai wasa ya tsaya cak. Kowa ya buɗe littafi, ana ta tambayar wa zai yi wa wane sihiri kaza, ana gogewa ana sake rubutawa. Makon jiya na duba agogo, sai na ga minti 45 muka yi a kan shirin, faɗan kuwa ya ƙare a zagaye uku, wato daƙiƙa 18 a cikin labari. Mai riƙe da barde, wanda ba shi da sihiri ko ɗaya, ya fita ya sayo tsire ya dawo, ya tarar ba a ko taɓa ƙofar ba. Ba na son hana su shiri, domin haƙƙinsu ne a dokar wasa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗi abin da ya gwada a teburinsa, har da wanda bai yi aiki ba.

Mai Alƙalami

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ni ce mai riƙe da jaruma mai warkarwa a teburinmu, kuma dole in amsa laifi, domin rabin jinkirin daga wajena yake fitowa. Abin da ya cece mu shi ne lura da cewa kusan duk sihirin shiri a wannan wasa ya kasu gida huɗu bisa tsawon lokacinsa, sai muka rubuta jeri huɗu a gida, ba a kan tebur ba. Jeri na farko mun sa masa suna shirin safe, kuma a nan ne masu ɗaukar awa ɗaya a kowane mataki suke, irin su Mage Armor da Greater Magic Weapon, waɗanda a matakinku za su kai awa 11. Na biyu shi ne shirin bakin kogo, na masu minti goma a kowane mataki, kamar Barkskin da Heroism da Resist Energy da kuma Stoneskin, wanda muke yi wa kirari da maganin ƙarfen 'yan tauri. Waɗannan za su ba ku minti 110, sun isa a zaga ɗakuna da yawa. Na uku shi ne shirin bakin ɗaki, na masu minti ɗaya a kowane mataki, irin su Shield da Bull's Strength da Shield of Faith. Na huɗu kuwa na masu ƙidayar zagaye ne, Haste (sihirin ƙara sauri) da Prayer, kuma waɗannan mun daina yin su a waje gaba ɗaya.

Idan muka iso wuri yanzu, sai in ce wa mai gudanarwa mun yi shirin bakin kogo, kowa ya soke guraben sihirin da aka riga aka rubuta a gefen jerin, wato ya rage su daga adadin sihirin da yake iya yi a rana, a wuce. Wanda yake son canza wani abu yana da damar canza guda ɗaya tak.

Dalilin da ya sa muka mayar da Haste cikin faɗa shi ne wata rana da masihircinmu ya fara da shi saboda ɗoki, sannan aka ɗauki zagaye shida ana kammala sauran shirin, aka yi ta fama da makullin ƙofa na wasu zagaye biyu. Da muka shiga, zagaye biyu kacal suka rage a cikin goma. Tun daga ranar ƙa'idarmu ita ce mai dogon zango ya riga, mai gajeren zango ya zo a ƙarshe.

Malamin Lissafi

Ina goyon bayan 'yar uwa Mai Alƙalami, sai dai a wajenmu da na zauna na lura, zaɓen sihirin bai kai gardamar lissafi cin lokaci ba. Dokar wannan wasa, wadda ya gada daga bugu na 3.5 na Dungeons & Dragons da ya fito a 2003, ta ce ƙarin maki biyu masu suna iri ɗaya, ko daga sihiri ko daga kaya, ba sa haɗuwa, babba kaɗai ake ɗauka, in ban da 'yan kaɗan irin ƙarin kaucewa. Mutane sun san dokar, amma ba su riƙe sunan kowane ƙari ba. Mun shafe watanni ana yi wa bardenmu Bless bayan an yi masa Heroism, alhali duka biyun ƙarin ƙwarin gwiwa ne, saboda haka maki biyun Heroism kawai yake samu a jifar hari, wato ƙwayar da ake jefawa don a ga ko sara ya samu, makin Bless ya tafi a banza. Haka Bull's Strength ba ya hawa kan ɗamarar ƙarfi da jarumi yake sanye da ita, Barkskin ba ya hawa kan layar taurin fata, kuma Shield of Faith, wanda a mataki na 11 yake ba da maki uku, ba ya haɗuwa da zoben kariya. Wanda yake da zobe mai maki biyu, maki ɗaya kawai ya ƙaru da shi. Da muka tace jerinmu da wannan ido, sihiri uku suka fita saboda ba su da wani amfani, shirin ya ragu da kansa.

Daga nan na zana wa kowa tebur a bayan takardar jaruminsa mai layi uku: lambobinsa ba shiri, lambobinsa da shirin dogon zango, da lambobinsa da cikakken shiri. Makin kariya da jifar hari da ɓarna da jifar tsira duk an lissafa su an ajiye. Wannan ya yi kyau har ranar da wani maƙiyi ya jefa wa barde Greater Dispel Magic, wanda yake iya warware sihiri ɗaya a kan kowane mataki huɗu na mai jefa shi. Sihiri uku suka zube daga tsakiyar jerin, babu layin da ya dace da sabon halin, muka koma lissafi da yatsu kusan minti goma. Shi ya sa yanzu na ƙara da ƙananan katuna da na yanka daga kwalin sabulu, kowane ɗauke da sunan sihiri da irin ƙarinsa da adadinsa. Mai sihiri ya miƙa wa wanda ya yi wa, idan an warware sai a karɓe katin a rage abin da aka rubuta a kai.

'Yar Sanɗa

Ku yi haƙuri yayyena, amma duk wannan gyaran takarda ne, kuma ni ina ganin tushen abin yana hannun mai gudanarwa. Ni ɓarauniya nake riƙe da ita, aikina in je in leƙo in dawo. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in yi sanɗa da ƙyar in kawo labari, sannan mutum uku su tsaya taku biyar daga ƙofa suna rera kalmomin sihiri har zagaye takwas, waɗanda suke ciki kuma su zauna kamar kurame. Littafin ya faɗa ƙarara cewa sihiri mai buƙatar furuci da murya mai ƙarfi ake yin sa. In dodanni ba sa ji, me zai hana 'yan wasa yin duk abin da yake cikin littafinsu?

Tsohon Hannu

Ƙanwata ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na fara gudanar da wasa tun zamanin bugu na 3.5, kuma na daɗe ina barin 'yan wasa su yi shiri iya son ransu, ina ganin adalci ne. Abin da ya biyo baya shi ne na riƙa ƙara wa dodanni ƙarfi domin su iya tsayawa a gaban jaruman da suka sha shiri, su kuma suka ƙara tsawaita shirin domin dodannin sun yi ƙarfi, har ta kai ranar da aka yi musu kwanton ɓauna ba shiri, biyu suka faɗi a zagaye na farko. Laifina ne, ba nasu ba.

Abin da nake yi yanzu shi ne in faɗa musu adadin zagayen da suke da shi, kuma adadin ya dogara da yadda leƙen asiri ya kasance. Idan mai sanɗa ta yi nasara sosai kuma suka ja da baya nesa da ƙofa, suna da zagaye uku. Idan suna dab da ƙofar, zagaye ɗaya ne, bayansa kuma ina jefa wa na ciki ƙwayar saurare, a ga ko sun ji su. Idan an gan su, babu ko ɗaya. Da zarar mutum ya san sihiri biyu ko uku kaɗai zai iya yi, zaɓi yana zuwa da sauri, domin kowa ya san waɗanda suka fi masa muhimmanci tun da daɗewa.

Sau ɗaya na bar su suka yi cikakken shiri na zagaye tara a bakin zauren wani matsafi. Da suka banke ƙofa suka tarar da kyandir yana ci, kujera a kife, ƙofar baya a buɗe, mutumin ya ji su ya kwashe littattafansa ya gudu. Sai ga su suna gudu a cikin lungu suna ƙidaya mintunan da suka rage musu, kuma wannan ya zama daren da suka fi tunawa. Amma ina gargaɗin ɗan uwa Sarkin Kogo kada ya mayar da wannan al'ada. Na sake yi bayan mako biyu, sai ɗaya daga cikinsu ya ce da ni, cikin ladabi, in dai haka ne gara ya daina ɓata gurabensa. Gaskiya ya faɗa, domin wanda ya yi dabara ya cancanci ya ci ribarta a mafi yawan lokuta.

Bahagon Barde

Mu bugu na biyar na Dungeons & Dragons muke yi, wanda ya fito a 2014, kuma a can dokar tattara hankali ta rage wannan matsala ƙwarai, domin mai sihiri ba zai iya riƙe sihiri biyu masu buƙatar hankali a lokaci guda ba. Bless da Haste da Shield of Faith da Spirit Guardians duk suna cikin wannan rukuni, saboda haka kowa ɗaya zai zaɓa. Waɗanda ba sa buƙata, irin su Mage Armor da Aid da Death Ward, awa takwas suke ɗauka, sai a yi su da safe a manta. Jinkirinmu ya koma gardamar wanne ɗayan za a riƙe.

Gaggawa ma tana da nata haɗari. Masihirciyarmu, don kada ta ɓata wa mutane lokaci, ta yi mini Haste, sannan a zagaye na gaba ta yi wa kanta Fly ba tare da ta duba ba. Shi ma yana buƙatar hankali, Haste ya yanke nan take, kuma dokarsa ta ce idan ya ƙare kasala tana kama wanda aka yi wa, ba ya motsi ba ya komai har sai juyinsa na gaba ya wuce. Haka na sandare a gaban ƙaton dodo ina shan duka. Yanzu muna da murfin kwalba ja guda ɗaya ga kowane mai sihiri, wanda yake ɗorawa a kan katin sihirin da yake riƙe da shi, kuma ba zai yi wani ba sai ya ɗaga murfin da hannunsa.

Ɗan Nesa

Mu ta intanet muke haɗuwa a manhajar Foundry ta buga irin wannan wasa, kowa a garinsa, kuma a can ana iya shigar da kowane ƙari a takardar jarumi sau ɗaya, daga baya sai dannawa kawai, kwamfuta ta yi lissafin. Shirin da yake cin rabin awa ya koma minti uku. Matsalar da muka samu ita ce kashewa. An taɓa ɗauke wuta a wajen mai gudanarwa ana tsakiyar faɗa, muka watse, kuma da aka dawo mako na gaba babu wanda ya tuna ya kashe Haste da Heroism a takardar bardenmu. Zama uku ya yi yana sara da ƙarin da ya daɗe da ƙarewa kafin wani ya lura cewa lambobinsa sun yi yawa.

Sarkin Kogo

Na gode 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Jiya muka gwada. Na tura musu jeri huɗun Mai Alƙalami tun ranar Laraba, uku suka cike nasu, ɗaya ya zo da takarda fara ya cike a wurin. Na kuma sanar da dokar zagaye ta Tsohon Hannu kafin a fara, don kada wani ya ce an yi masa ba-zata. Shirin bakin kogo ya ɗauki minti huɗu, na bakin ɗaki minti bakwai, kuma da mai warkarwa ya tace jerinsa kamar yadda Malamin Lissafi ya nuna, ya gano cewa tun mataki na takwas yake yi wa barde Bull's Strength a kan ɗamara mai maki huɗu. Katunan ne ba su karɓu ba tukuna, domin fanka ta watsa su sau biyu, sai na nemo abin dannewa. Abin da ya rage mini shi ne mai kiran halittu, wanda yake so ya kira namun dajinsa kafin a buɗe ƙofa, kuma kowace dabba da tata takardar da nata lissafin. Idan akwai wanda ya taɓa zama da irinsa a tebur, ina sauraro kafin Asabar.