Me karatun Turanci a jami'a yake ƙara wa wanda ya riga ya iya yaren?

Mai_Neman_Sani

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka san harkar koyarwa su warware min wannan. Ɗalibin da ya gama sakandare, yana jin Turanci, yana karanta jarida, yana rubuta saƙo ba tare da ya buɗe ƙamus ba, me zai ƙaru da shi in ya shafe shekara uku ko huɗu yana karanta Turanci a jami'a? Kuma wanda ya ɗauki kimiyya ko injiniyanci, me ya sa ake ɗora masa kwas ɗin rubutu a shekarar farko? Sannan kullum ana cewa malami shi ne ginshiƙi. To ta yaya ɗalibi zai gane malamin da ya riƙe aikin da gaske tun zango bai yi nisa ba?

Malama_Alli

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jin yare daban, ɗaukar ilimi da shi daban, kuma ana iya auna tazarar da lamba. Masana suna ƙirga kalmomi ne dangi-dangi, wato saiwa ɗaya da duk rassanta, kamar yadda karanta, karatu, makaranta da makaranci suke gida ɗaya. Jerin da masanin koyar da Turanci Michael West ya fitar a 1953 ya ƙunshi kalmomin Turanci kusan 2,000 da aka fi amfani da su, kuma da su mutum zai yi hirar yau da kullum lafiya lau. Amma Paul Nation ya nuna a 2006 cewa kafin mai karatu ya san kashi 98 cikin ɗari na kalmomin jarida ko littafin labari, sai ya mallaki dangin kalma 8,000 zuwa 9,000.

Duba abin a shafi ɗaya mai kalma 300. Wanda ya san kashi 95 zai ci karo da baƙin kalmomi 15, wanda ya san kashi 98 kuwa 6 kacal. Na farkon tuntuɓe zai yi ta yi kusan kowane layi biyu, kafin ya kai ƙasan shafi ya manta abin da marubucin yake ƙoƙarin tabbatarwa.

Hanyar cike giɓin sananniya ce. A fara da jerin Averil Coxhead na shekarar 2000, dangin kalma 570 da suke ɗaukar kusan kashi 10 na rubutun ilimi a kowane fanni. A riƙa karatu na rabin awa kullum, cikin littafin da bai fi ƙarfin mutum ba. Duk sabuwar kalma a rubuta ta tare da jimlar da ta zo ciki, a waiwaye ta washegari, bayan kwana uku, bayan mako, sannan bayan wata. Inda ake kuskure shi ne haddace kalma da fassararta tsirara: ɗalibi ya san ma'ana, amma bai san da waɗanne kalmomi take tafiya ba, sai ya dasa ta inda ba gurbinta ba.

Jan_Biro

Malama ta faɗi gaskiya, sai dai a ganina kalmomi ƙofar gida ce kawai. Abin da sashen Turanci yake koyarwa a zahiri shi ne karanta abin da aka rubuta, ba abin da kake zaton an rubuta ba, sannan ka kare fahimtarka da hujja. A shekarun 1920, I. A. Richards ya riƙa raba wa ɗalibansa a jami'ar Kambirij waƙoƙi ba sunan marubuci ba shekara, ya ce su rubuta ra'ayinsu. Sakamakon da ya wallafa a 1929 ya nuna cewa ɗalibai masu ƙwazo, waɗanda Turanci ne harshen uwarsu, da yawansu sun kasa kama ma'anar fili ta baitocin. Ke nan matsalar ba ta iya yare ba ce.

Ga yadda gyaran yake gudana a aji. Ɗalibi ya rubuta: "Wannan waƙa tana da ma'ana mai zurfi, kuma tana taɓa zuciya." Malamin da yake sauri zai sa alamar daidai ya wuce, domin babu kuskuren nahawu. Malamin da ya damu zai ja layi ƙarƙashin "mai zurfi", ya rubuta a gefen takarda: "Wane baiti? Wace kalma ce ta yi wannan aikin?" Dole ɗalibin ya koma ga waƙar, ya tsamo baitin, ya bayyana. Wannan komawar ita ce karatun.

Maƙala mai kyau tana bin matakai. Da farko matsaya cikin jimla ɗaya, wadda mai hankali zai iya musantawa. In ba mai iya musanta ta, ba matsaya ba ce, labari ne. Kowane sakin layi ya ɗauki batu ɗaya da hujjarsa daga cikin matani. A kawo hujjar mai saɓani mafi ƙarfi, ba mafi rauni ba, a amsa ta. Sai a ajiye daftarin ya kwana biyu kafin a sake shi.

A wajen gyara, tsari yana da muhimmanci ƙwarai: matsaya, sannan jerin sakin layi, sannan jimloli, waƙafi da aya a ƙarshe. Nancy Sommers, mai nazarin koyar da rubutu, ta yi nuni da wannan a 1982, cewa malamai sukan umarci ɗalibi ya gyara waƙafi a sakin layin da kuma suka ce ya sake gina shi gaba ɗaya. Ɗalibi zai zaɓi mai sauƙin, ya goge ƙura a bangon da rushewa ya kamata a yi. Shi ya sa takardar da ta dawo jajur da biro ba ita ce shaidar malami nagari ba. Wanda ya tsaya kan matsala biyu ko uku, ya bayyana dalili, ya nemi a sake rubutawa, shi ne ya yi aiki.

Baba_Tsohon_Malami

Yarana, kada a ɗora wa malami abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙungiyar malaman rubutu ta manyan makarantun Amurka, CCCC, ta ba da shawara tun 1989 cewa ajin rubutu kada ya wuce ɗalibi 20, in da hali 15, kuma malami ɗaya kada ya riƙe fiye da 60 a zango. Ku yi lissafi: minti 20 kan kowace maƙala, sau 60, awa 20 ke nan a aiki ɗaya tak, ban da shirya darasi. In aji ya kai ɗari biyu, komai kishin malami sai ya koma tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, kuma waɗannan ba sa koya wa kowa rubutu.

A irin wannan aji ɗalibai su haɗa kansu uku-uku. Kowa ya karanta daftarinsa da babbar murya, domin kunne yana kama jimlar da ta karye inda ido ya tsallake. Sauran biyun su rubuta, cikin jimla ɗaya, abin da suka fahimta shi ne matsayarsa. In amsoshin biyu suka sha bamban, laifin na rubutun ne, ba na masu sauraro ba.

Game da ɗan kimiyya kuwa, rahoton gwaji ma maƙala ce: gabatarwa, hanya, sakamako, tattaunawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cusa ra'ayi cikin sashen sakamako, ko maimaita lambobi a sashen tattaunawa ba tare da faɗin abin da suke nufi ba. Raba abin da ka gani da abin da kake zato, a ajin rubutu ake fara koyon sa.

Mai_Neman_Sani

Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Baba, in mutum yana da zaɓi tsakanin malamai biyu, me zai duba a makon farko?

Baba_Tsohon_Malami

Ka karɓi takardar tsarin kwas ka ƙirga maƙala nawa za a rubuta, kuma ko ana karɓar daftari kafin a ba da maki. Ka duba ko an bayyana ma'aunin maki tun kafin aikin farko. Ka tambayi waɗanda suka gabace ka ko takarda tana dawowa kafin ranar miƙa ta gaba, domin gyaran da ya iso bayan jarrabawa ba ya shiga aikin kowa. Sannan ka lura da lokacin da ya ware don ganin ɗalibai a ofis. Ka je da shafi ɗaya na rubutunka da tambaya ɗaya takamaimai, ka ga ko zai karanta shafin a gabanka.